Ranar da Na Ƙi Karɓar Tabarya

A ƙauyenmu na ƙasar Dogarawa, in za a yi dakan biki, ni ake fara aiko wa. Ba yabon kai ba ne, ku je ku tambaya. Tun ina budurwa na iya turmi. In muka tsaya mu uku kan turmi guda muna lugude, ni ke jan gaba. In cilla tabarya sama, in tafa hannu, in cafe ta, ban ɓata wa kowa bugu ba. Ga kuma baki. Allah ya ba ni baki, ni kuwa ban yi rowarsa ba. Yarinya in ta zo tana daka a sanyaye sai in ce, "Ke, hatsin ga ba surukinki ba ne, bar jin kunyarshi, buga!" Mata su kwashe da dariya, ita kuma ta sunkuyar da kai. Masu kai hatsi wurin inji kuwa sun sha tsiyata har sun gaji. Nakan ce musu furar inji ta marasa ƙugu ce.

Na fara da wannan ne don ku san irin matar da abin ya samu.

Bayan haihuwar autana na fara jin nauyi a mara, musamman da yamma in na wuni a tsaye. Na ce gajiya ce. Wace mace ce ba ta gajiya a garin da maza ke tafiya biɗa, wato ci-rani, da zarar an ɗaure hatsi, su bar mu da rijiya da itace da turmi? Rannan ina bakin rijiya, na sunkuya zan ɗora jarka a kai, sai na ji wani abu ya zame daga cikina ya sauko. Ba zafi, zamewa kawai. Na aje jarkar na ce wa mata ƙaya ce ta soke ni. Da na iso gida na shiga makewayi na sa hannu, sai na taɓa nama a inda bai kamata a ce akwai nama ba, girmansa kamar ƙwan zabuwa. Na yi salati. Na tura shi da yatsa ya koma, na fito na hura wuta.

Washegari ya sake fitowa. Haka muka zauna da shi shekara da shekaru, yana girma ina tsufa.

Ban san sunan abin ba. Wani lokaci in ce iskar bakin rijiya ce, wani lokaci in ce wata ce cikin waɗanda na yi wa tsiya ta jefe ni. Abu guda dai na sani. Ina ƙarama akwai wata tsohuwa a unguwar iyayena da ake raɗa ana cewa gabanta ya zubo. Ba wanda ya taɓa zaginta. Amma in ta dama fura ta aiko, sai a yi godiya, a jira a ga bayan wanda ya kawo, a zuba wa awaki. Da idona na ga uwata ta yi haka. To ni da garin nan kaf ke cin abin da hannuna ya daka, a wayi gari ana zuba wa awaki furata? Na ce gara a binne ni da abina.

Na dafa bagaruwa na zauna ciki har fatata ta yi tauri. Na sha jiƙe-jiƙe iri-iri. Ran kasuwar Dogarawa na tsaya gun mai maganin da ke ihu da lasifika, na ce maƙwabciyata ce ke fama da basir mai tsiro. Ya ƙulla mini wani baƙin gari, na shafa, na yi kwanaki ina tafiya a gwale. A ƙarshe na koma ga tsumma. In naɗe shi in ɗaure kamar yarinyar da ta fara ganin wata, ni da ke da jikoki. In wanke tsummokaran in shanya su bayan rumbu, inda ba mai zuwa sai kaji.

In zan yi fitsari sai na tura abin ciki tukuna. In na yi tari ko dariya kuwa, fitsarin ya ɗiga da kansa ba wanda ya kira shi. Salla ce ta fi ci mini rai. In yi alwala, in ta da kabbara, ina ruku'u in ji ɗumi ya bi cinyata. In sake zane, in sake alwala, in sake farawa. Na daina zuwa filin idi, na ce ƙafa ce. Maigida kuwa na ce masa na tsufa, ya ƙyale ni in huta. Ya dube ni, ya ɗauki tabarmarsa ya koma rumfa. Mutum ne mai kawaici, kawaicin nasa ma wani lokaci haushi yake ba ni.

Daka dai ban bari ba. Kowane bugu ina jin abin yana turo tsumma, ni kuwa sai in ƙara ɗaga murya da waƙa da tsiya. Ran da ya fi damuna, ran nan bakina ya fi kaifi.

Ina da ƙawa. Dangar kara ce kawai tsakanin gidanta da nawa, in ta yi atishawa daga madafina nake yi mata addu'a. Shekara guda aka kawo mu garin muna amare. Ita ce ƙawar bikina: in ina da sha'ani ita ce uwar aiki, in tana da shi ni ce. Ba abin da ban faɗa mata ba a duniya, har abin da ke tsakanina da maigida, har wanda bai kamata a faɗa ba. Wannan kaɗai na riƙe. Sau da yawa muna zaune muna ɓarar gujiya na buɗe baki, sai in juya zancen ya koma kan akuyar wance da ta ci mini wake.

Wadda ta gano ni ita ce wadda ban zata ba, ɗiyata ta fari da ke aure a Konni. Kun san yadda uwa take da ɗan fari a wurinmu: ban taɓa kiran sunanta ba, ba ma haɗa ido, in ina da magana da ita sai in faɗa wa bango ta ji. Ta zo ganin gida da kaka. Ban sani ba ko bayan rumbu ta zaga, ko kuwa zamana ta lura da shi, don a lokacin ba na iya zama sai a gefe guda, a bakin kujera. Ba ta tambaye ni komai ba. Da safe ina shara na ji tana gaida ubanta a rumfa, ta ɗaga murya yadda zan ji:

"Baba, idon Inna yana ruwa. Zan tafi da ita Konni a duba mata."

Idona! Ni da ke tsintar allura cikin yashi. Tsintsiya ta tsaya a hannuna. Na gane ta sani, na kuma gane ta samo mini hanyar da zan fita garin ba tare da an san dalili ba. Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. A ce ɗiyar da ko sunanta ba na faɗa, ita ce ta ga tsummokarana. Na shiga ɗaki na ɗaure kayana.

Ƙawata ta leƙo ta kan danga. "Ido? Tun yaushe?"

Na ce, "Ya daɗe, ɓoyewa nake." A duk maganar nan abin da ke gaskiya ke nan.

Motar kasuwa muka shiga, na zauna kan ɗuwawu guda har Konni. A gidan likita ɗiyata ta yi magana ƙasa-ƙasa da wata ungozoma, ungozomar ta kama hannuna ta shigar da ni, ɗiyata kuma ta tsaya waje ta juya baya. Da na ga lokotoron, wato likitan, sai da na nemi in koma. Namiji, kuma sa'an ɗana! Aka ce in hau gado in buɗe ƙafa. Na hau, na ja hijabina na rufe fuska, na roƙi Allah ƙasa ta tsage in shige. Ta bayan hijabin na ji muryarsa, a natse kamar mai tambayar ko an yi ruwa a garinmu.

"Inna, tun yaushe abin ga ya fara?"

Na ce, "Kwanan nan."

Bai ƙaryata ni ba, alhali yana ganin gyambon da tsumma ya yi mini. Ya ce ba iska ba ce, ba jifa ba ne. Mahaifa ce ta sauko, abin da ke riƙe da ita ya saki saboda yawan haihuwa da aikin nauyi, ta kuma janyo mafitsara. Ya ce mata da yawa na zuwa da shi, kuma ana gyarawa. Na ce a raina, mata da yawa daga wane gari? A namu dai ni kaɗai ce. Aka yi mini maganin gyambon har ya warke, sannan aka sa ranar aiki. Ɗiyata ta kira ubanta a waya ta ce ciwon mata ne, ya ce Allah shi sauwaƙe, a yi abin da ya dace. Daga nan har yau bai sake tayar da maganar ba.

A ɗakin da aka kwantar da mu na ga ashe gaskiyarsa. Gadon da ke kusa da nawa wata Buzuwa ce daga wajen Tajaye, yarinya ce ƙwarai, ita abin da ke gabanta a bar mata mahaifarta. Ta ce in ba ta sake haihuwa ba, to ba a yi mata komai ba. Wata dattijuwa daga Illela ta ce ita haihuwa ta yafe, mahaifa su cire su huta, ita dai ta yi magariba da isha da alwala guda kafin ta mutu. Suka tambaye ni nawa burin. Na ce in koma turmi. Suka yi dariya suna zaton wasa nake, ni kuwa har zuciyata na faɗa.

Da na farfaɗo bayan aikin, abin da na fara yi shi ne shafa cikina. Sumul, ba yanka ba ɗinki. Raina ya ɓaci. Na kira ungozomar na ce, "Ke, mi kuka yi mini? Kun sa ni barci kun tashe ni, shi ke nan?" Ta yi dariya har da riƙe gado, ta ce ta ƙasa aka yi, ɗinkin na ciki, an cire mahaifar an ɗaure sauran. Nan take na ji daɗi, na ce alhamdu lillahi, ba tabon da wani zai gani. Sai daga baya na gane abin da ke cikin wannan. Macen da aka yanka a ciki wurin haihuwa tana kwance ana zuwa yi mata sannu, ana kawo mata kunu, ba mai barin ta ɗauki ko buta. Ni kuwa nawa ciwon ba shi da inda zan nuna.

Ran da na fara takawa zuwa makewayi ba komai tsakanin cinyoyina, na tsaya na dafa bango na yi kuka. Na manta yadda ake tafiya ƙafa na haɗuwa da ƙafa. Ran da na yi sujada na ɗago zanena a bushe, na daɗe zaune kan dardumar ban tashi ba.

Kafin a sallame ni lokotoron ya ja kujera ya zauna gabana. Ya ce ba daka, ba ɗaukar ruwa, ba itace, ba ɗaga duk abin da ya fi buta nauyi, har sai ya sake ganina bayan wasu watanni. Ko bayan nan ma, daka mai ƙarfi in bar wa yara. Ya ce, "Inna, in kika yi ganganci ɗinki zai kwance, abin ya dawo, aiki na biyu kuwa ya fi na farko wuya." Na ce to. A raina kuwa cewa nake, to in ba zan koma turmi ba, me ka gyara?

Ɗiyata ta saya mini baƙin gilashi a kasuwa don ƙaryarmu ta tsaya da ƙafafunta. Haka na sauka a garinmu da gilashi kamar ɗan kabu-kabu. Mata suka yi ta zuwa, "Ya ido? Ya ido?" Ina cewa da sauƙi. Ƙawata ta kawo mini farfesun zabuwarta da take tattali, ta hana ni kusantar hayaƙi, ta tsaya kaina sai da na cinye. Na ci ina jin kunyar ƙaryata.

Da farko ido ya rufa mini asiri. Matar ɗana ce ke daka da ɗebo ruwa, ni ina zaune inuwa ina tsince wake. Amma ido ba ya hana daka har abada, kowa ya sani. Ana haka aka sa bikin ɗiyar ƙawata, autarta, ita kaɗai ta rage mata.

A wurinmu ran dakan biki ƙawar uwar amarya ce ke buɗe turmi. Ita za a miƙa wa tabarya ta yi bugun farko, ta ja lugude, sannan sauran mata su shiga. Ita ta buɗe mini turmi a bikin kowane ɗana, ko da tana goyo, ko da tana zazzaɓi. Kwanakin da suka rage kafin ranar na yi ta saƙa da warwara. In ce bari in faɗa mata yau, in taka har bakin danga, in tarar da ƴan'uwanta cike da gidan, in dawo. In ce bari in kwanta ciwon ƙarya, in tuna cewa za ta zo da kanta ta ɗaga ni. Har ranar ta zo ban tsayar da komai ba.

Na tafi da gilashina, na samu gefe na ja faifai, wai in yi sheƙa in ɓace cikin mutane. An jera turame, an zuba hatsi, an yayyafa ruwa. Sai ga ƙawata ta taho tana rangaji, tabarya a hannu, mata na guɗa a bayanta. Ta tsaya gabana ta miƙo ta da hannu biyu.

"Tashi, uwar turmi. Ɗiyarki ce za ta ɗaki."

Na ce, "Ƙawa, kin san idon nan."

Ta ce, "Da ido ake daka? Rufe shi ma in kin ga dama, ke da kike cafe tabarya ba ki duba ba."

Aka yi dariya. Wata cikin yaran da na saba yi wa tsiya ta ce, "Inna, ko hatsin surukinki ne?" Dariya ta ƙaru. Wallahi hannuna ya miƙa da kansa, yatsuna sun taɓa icen. Na ce a raina bugu kaɗan ne, me zai yi? A daidai nan na ji wani ɗan ja a marata, ba zafi ba, tuni kawai. Na tuna tsumma, na tuna ɗumin nan da ke bin cinya a ruku'u. Na janye hannuna.

Duk suna kallona. Kalma guda ce za ta fitar da ni, amma ga mata cike da gida, ga ƴan'uwan ango, ga yara. Sai bakin nan nawa, wanda ya saba cetona da kaifi, ya yi abin da ya saba. Na ji kaina ina cewa:

"Ni na bar daka. Ku kai inji mana, wa ke wahalar da kansa yanzu?"

Ni ce fa, mai cewa furar inji ta marasa ƙugu ce. Ƙawata ta tsaya da tabarya a miƙe, murmushin bai gama barin fuskarta ba, sai da ta tabbata ba wasa nake ba. Idonta ya kaɗa.

"Ashe haka ne," in ji ta. "An je Konni an sha ruwan famfo, an sa gilashi, an fi ƙarfin turminmu. Naki ɗiyan na daka musu har hannuna ya fashe. Tawa guda da ta rage ce ba ta kai ba. Ba komi, Hajiya. Zauna kar ƙura ta taɓa ki."

Ta juya ta miƙa wa wata matar da ko gaisuwar kirki ba sa yi. Na aje faifan na sulale na koma gida. Wuni guda ina kwance ina jin luguden ta danga, ina jin inda suke ɓata bugu, ina jin waƙar da ni na saba ja a bakin wata. Ban taɓa jin ƙanƙanta irin ta ranar ba, ko a kan gadon lokotoro.

Daga nan gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ita ma ta kan hanya. "Ina kwana." "Lafiya lau." Ta toshe ramin dangar da muke miƙa wa juna gishiri. A rijiya aka raɗa mini Hajiyar Gilashi, har yara suka ɗauka. Na cire gilashin na jefa cikin kwalla, sunan dai bai fita ba.

Da lokacin komawa ya yi, na sake hawa gadon nan na rufe fuska. Lokotoron ya duba ya ce, "Madalla! Inna, aiki ya yi kyau ƙwarai, komi ya zauna inda ya kamata. Kin bi doka, shi ya sa." Murna yake har muryarsa ta nuna. Ba ƙarya ya yi ba kuwa. Ina tafiya kasuwa in dawo, ina dariya ba fargaba, ina salla da alwala guda kamar yadda dattijuwar Illela ke roƙo. Na yi masa godiya, ya cancanta. Amma ina saukowa daga gadon ina tunanin ramin dangar nan da aka toshe. Shi abin da ya ɗinka ya zauna. Ni kuwa na koma garinmu lafiyayya, ba mai aiko mini in za a yi daka, ba wadda zan yi wa atishawa ta amsa.

Ɗiyata ta raka ni tasha. Tana kallon wani wuri daban ta ce, "Inna, da kin faɗa mata." Na yi kamar da mai tallan ruwa take.

Damina ta faɗi, matar ɗana ta haihu. Ga dakan suna, ga mai yi mana daka tana jego, ga ni an hana ni. Na ce wa ɗana ya ɗaura hatsin kan amalanke a kai inji, mu huta da abin kunya. Ban rufe baki ba sai ga sallama. Ƙawata ce, da tabaryarta a kafaɗa, mata na biye da ita. Ba ta dube ni ba. Ta shiga ta ga jariri ta yi barka, ta fito ta ɗaura ɗankwali a ƙugu, ta buɗe turmi.

Tun hantsi take daka har la'asar. Ba waƙa, ba guɗa daga bakinta, bugu kawai. Gumi ya jiƙa mata riga, na ga tana dafa bayanta in ta ɗago, ita ma ai ba yarinya ba ce. Ni ina zaune kan tabarma kamar baƙuwa a gidana. Na dama fura da kaina na kai mata, ta ce ta ƙoshi. Na aika mata da tuwo, ya dawo ba a taɓa ba. Da a ce zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Da aka gama ta kakkaɓe zanenta ta ɗauki tabaryarta ta nufi ƙofa. Na tashi na bi ta. A zaure na cim mata, ba kowa sai mu biyu.

"Ƙawa."

Ta tsaya ba ta juyo ba.

Na ce, "Ba ido ba ne."

Sai na faɗa mata, ina kallon ƙasa. Rijiya, tsumma, fitsari, aikin da aka yi ta ƙasa, dokar lokotoro. Ban san yadda kalmomin suka fito ba, wasu ma ban taɓa furta su da bakina ba sai ranar. Da na gama na jira ta ce sannu, ko ta ja da baya kamar yadda na daɗe ina tsoro. Ta jingine tabaryar da bango ta juyo. Ban taɓa ganin ranta ya ɓaci haka ba.

"Ni kika ɓoye wa? Ni? Wa ya riƙe ki ta baya ran da kika durƙusa haihuwar auta? Wa ya kwashe jinin? Wa ya yi miki wankan jego har kika yi arba'in? Mi ke jikinki da ban gani ba?"

Na ce, "Kunya ce, ƙawa."

"Kunya! Na miƙa miki tabarya da hannuna biyu, ina yi miki dariya, ina zuga ki. Na ga kin taɓa ta. Da kin karɓa fa? Da ni ce na kwance miki ɗinki a tsakar gidana, ran bikin ɗiyata. Kika bar ni na zage ki gaban mutane kina ɗauke da ciwo, na toshe danga, na hana kaina barci ina cewa kin raina ni. Ke kin tsira da kunyarki, ni kin bar ni da alhakinki."

Duk tsawon lokacin nan ina ganin ni kaɗai abin ke ci, ban taɓa tunanin abin da na sa ta aikata ba.

Ta share fuska da bakin zane. Ta ɗauki tabaryarta, ta wuce ni ta koma cikin gida, ta nufi gindin rumbu inda tabaryata ke jingine tun dawowata daga Konni. Ta ɗauke ta ta haɗa da tata ta saɓa a kafaɗa. Matan da ke tankaɗe suka ɗago, wata ta ce, "A'a, ina za ki da tabaryar mutane?"

Ta ce, "Aro na yi."

Ta bi ta gabana ta fita ba ta ce mini sai da safe ba. Na gane ta raba ni da daka ne, ta kuma rufa mini asiri. Har yau ba ta maido ba, ni kuma ban aika a karɓo ba.